NAT ko Bridged: wanne zai yi aiki da modem mai layin waya?

Ɗan uwa, ka ce ka ɗora tsarin aikin kwamfuta na Kali Linux a VirtualBox, manhajar da ke tayar da baƙuwar kwamfuta a cikin laftof, ka bi wani darasi da ya ce a zaɓi Bridged Adapter. A Wi-Fi na makaranta komai lafiya, amma a gida, da ka soka modem ɗinka na USB mai layin waya, laftof na shiga intanet, Kali kuwa ko motsi. Wani lokacin ma kana tayar da Kali sai intanet ɗin laftof ɗin ya ɗauke gaba ɗaya. Tambayarka ita ce wanne ya fi a cikin hanyoyin nan biyu na haɗa Kali da intanet, NAT ko Bridged.

Da modem irin naka, koma NAT.

Kwatanta shi da gidan haya mai mitar wuta ɗaya. A NAT, baƙuwar kwamfutar da ke cikin VirtualBox tana jan wuta ne daga mitar mai gida, kamfanin wuta bai ma san da ita ba. A Bridged kuwa tana neman a kafa mata tata mitar daban. To kamfanin layinka adireshin IP ɗaya (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) yake bai wa modem a duk haɗi, kuma laftof ɗinka ta riga ta karɓe shi. Babu wanda zai raba wa Kali na biyu. A makaranta akwai rauta da ke raba adireshi ga duk wanda ya shigo, shi ya sa can bai ba ka wahala ba. Mai darasin ma a kan rauta yake zaune, bai yi lissafi da masu modem ba.

Ƙari a kan haka, tsofaffin modem masu buga kira, waɗanda sai ka buɗe manhajarsu ka danna Connect, Windows ba ya ɗaukarsu a matsayin katin sadarwa na yau da kullum, don haka sau da yawa ba za ka ma gansu a jerin da Bridged ke nunawa ba. Sai mutum ya bar zaɓin a kan katin Wi-Fi ko na kebul, wanda a lokacin ba ya haɗe da komai.

A NAT, VirtualBox da kansa yake raba adireshi. Buɗe Terminal, wurin rubuta umarni, a Kali ka rubuta ip a. In ka ga 10.0.2.15, ka hau hanya. Ƙofar fita ita ce 10.0.2.2. Ko ka cire modem ka koma hotspot na waya, Kali ba ta canza adireshi. Inda NAT ke yawan tuntuɓe shi ne wurin fassara sunayen shafuka zuwa adireshin IP, wato DNS. Gwada ping 8.8.8.8, sannan ping google.com. In na farko ya amsa na biyu ya ƙi, intanet na nan, DNS ne ya maƙale, galibi don ka sauya hanyar haɗi Kali na kunne. Kashe Kali gaba ɗaya, ka ba da wannan umarni a laftof, ka sa sunan da ka ba Kali a VirtualBox a madadin "sunan injin":

VBoxManage modifyvm "sunan injin" --natdnshostresolver1 on

Daga nan za ta riƙa tambayar laftof ɗin kai tsaye.

Abin da ka rasa a NAT shi ne wasu na'urori ba za su iya samun Kali daga waje ba, kuma binciken na'urorin da ke kusa da kai ba zai ba ka sakamakon kirki ba. Nan ne Bridged ke da amfani, kuma yana yiwuwa da layin waya muddin akwai abin da ke raba adireshi a tsakani: MiFi (ƙaramar rauta mai ɗaukar layin waya), ko hotspot na waya, ko modem irin na Huawei HiLink da ake shiga saitinsa ta 192.168.8.1. A hotspot na iPhone za ka ga adireshi mai farawa da 172.20.10. Duk da haka Bridged a kan Wi-Fi yana da taurin kai, wani hotspot ɗin ya ba da adireshi, wani ya hana. Idan koyon aiki kake tsakanin laftof da Kali kawai, ni dai ba na ganin dalilin wannan wahalar. Bar Adapter 1 a NAT don intanet, ka kunna Adapter 2 a Host-only, wanda ke haɗa laftof da Kali ba tare da intanet ba, da adireshi mai farawa da 192.168.56. In da VMware kake, wata manhaja irin VirtualBox, NAT ɗinsa shi ne VMnet8, Bridged kuma VMnet0, hukuncin ɗaya ne.

Ɗaukewar intanet ɗin laftof kuwa wata matsala ce daban, kuma ina kyautata zaton ba ruwan NAT ko Bridged. Shiga Settings na Kali a VirtualBox, ka duba USB. In akwai tacewa (USB filter) mai sunan modem ɗinka, ko wadda ba ta da suna ko kaɗan, to duk lokacin da Kali ta tashi sai ta fizge modem ɗin daga hannun Windows, don na'urar USB ba ta yi wa biyu aiki a lokaci guda. Goge tacewar, zare modem, ka sake sokawa.

Ka kuma kula da data. Ko ka saita Windows a kan Metered connection, saitin da ke rage cin data, baƙuwar kwamfutar tana ganin kamar kebul aka jona mata, ba ta san data kake saye ba. Sabunta Kali gaba ɗaya kan iya cinye fiye da gigabait guda, don haka ka ajiye apt upgrade, umarnin sabuntawar, sai ka je makaranta.