Chale Wote ko AfroFuture: wanne za a kai yara a Ankara?

Hajiya, tunda guda ɗaya za ki kawo yaran daga Kumasi su gani, Chale Wote ko AfroFuture, ki kawo su Chale Wote a watan Agusta.

Bikin zane-zane da wasanni ne na kan titi, tun 2011 ake yin sa. A Jamestown aka fara, tsohuwar unguwa ta bakin teku a Ankara, babban birnin Gana, kan babban titin da ya bi ta gaban Ussher Fort da James Fort har wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa. A 2023 suka koma ɓangaren Osu da Black Star Square, don haka kafin ki sayi tikitin mota ki leƙa shafinsu ki ga inda za a yi na bana. Kusan mako guda ake ɗauka. Ranakun aiki ana nuna finafinai ana tattaunawa da masu zane, amma Asabar da Lahadi su ne ranakun titi: masu zanen bango, makaɗan kpanlogo (kiɗan gargajiya na ƙabilar Ga), 'yan badujala, masu tafiya kan dogayen sanduna, da masu karanta waƙa a tsaye. Lokacin yana haɗuwa da Homowo, bikin girbi na Gaawa, gari a cike yake, ga shi Agusta ba ta da zafin rana sosai a bakin teku. Duk zuwan da na yi ban biya kuɗin shiga ba.

Akwai wani zane a falona da na saya a can, zamanin ana yi a Jamestown. Wani saurayi ne na tarar zaune a ƙasa da gwangwanayen fenti, yana zana mai koko da ƙosai da asuba, ta yafa mayafi, tururi na tashi daga tukunya. Na tsaya kallo, sai na ji ya yi wa ƙaninsa magana da Hausa, ashe ɗan unguwar Nima ne. Ya ce mahaifiyarsa ce yake zanawa, da kuɗin kokon nan ta biya masa makaranta. 'Yata ta tsuguna kusa da shi, ya miƙa mata buroshi ya ce ta shafa shuɗi a gefen sama, bai damu ko za ta ɓata masa aiki ba. Muka jira ya gama, na biya abin da ya faɗa ban nemi ragi ba, muka riƙo shi a trotro, motar haya, fentin bai gama bushewa ba. Har yau yarinyar nan tana zane, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa wurin da hannunta ya taɓa. Yaranmu na zango suna bukatar su ga nasu yana wannan aiki a bainar jama'a ana girmama shi.

Abu ɗaya zan gaya miki tsakani da Allah: za ki ga shigar da ba za ta yi miki daɗi ba, da jerin gwanon masu addinin gargajiya. Ku je da hantsi, ku yi la'asar ku kama hanya, domin da magariba cunkoson ya fi ƙarfin yara.

AfroFuture kuwa, bikin waƙoƙi da aka fara a 2017 da sunan Afrochella, ana yin sa ƙarshen Disamba, an saba yi a filin El Wak. Manyan mawaƙa suna zuwa, ba musu, a 2023 Davido da Black Sherif sun hau dandali. Amma tikiti da tsada, sai dare ya raba manyan suke fitowa, kuma tun shekarar 2019 da baƙi daga Amurka da Ingila suka fara tururuwa, masauki da tasi a Disamba sai mai hali. Na samari ne masu kuɗi a aljihu.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da macuta. Duk wanda ya tare ki a bakin titi ya ce sai kin sayi tikiti ko abin ɗaurawa a hannu kafin ki wuce, ki nemi ma'aikatan bikin ki tambaya tukuna. Masu tallar tikitin wasannin Disamba a WhatsApp da Instagram da rabin kuɗi, su ce ki tura kuɗi ta waya (MoMo), ki share su, lambar tikiti ɗaya suke sayar wa mutane da yawa. Wajen zane ma, wasu da inji suke buga hoto a kan yadi su ce aikin hannu ne. Ki shafa da yatsa, na gaske za ki ji tudun fenti. Haka kente, ki juya bayansa, wanda aka buga bayansa fari-fari yake. Waya kuma a cikin jaka, jakar a gabanki.

Idan babbar 'yarki har yanzu tana son littattafai, ki ajiye mata kuɗin mota na Oktoba. Akwai Pa Gya, bikin adabi da Writers Project of Ghana suke shiryawa tare da Goethe-Institut tun 2017, marubuta suna karanta aikinsu a zaune a natse, za ta iya yi musu tambaya baki da baki. Idan kun tsayar da rana ki yi mini magana, ku sauka wajena a Mamobi.