Na biya a tsara mana ziyarar gidajen zane a Sifaniya, ga yadda ta kaya

Kwana 9 muka yi a Sifaniya ni da mai ɗakina, kuma wata mata mai ƙaramin kamfanin shirya tafiye-tafiye ce ta tsara mana komai ta WhatsApp, ban da biza, wadda muka sha fama da ita da kanmu. Tun farko na gaya mata ba sayayya ko kallon ƙwallo zai kai mu ba. Zane muke son gani, da tsoffin gine-gine, da ƙananan garuruwa.

A Madrid ta fara nuna ta san aikinta. Gidan zane na Prado, wanda aka buɗe a 1819, kyauta ake shiga a awa biyun ƙarshe na yini, ni kuwa har na fara murnar samun sauƙi. Ta ce, "Alhaji, ka biya kawai ka shiga da safe." Da yamma muka wuce ta wajen, na ga layi ya miƙe kamar na gidan mai a lokacin tsada, sai na yi shiru. Ta kuma zaɓo mana zane 10 kacal, ta ce sauran sai in ƙafa ta yarda. A gaban zanen Las Meninas na Velázquez, na 1656, muka fi daɗewa. Mai zanen ya sa kansa a ciki, riƙe da buroshi, yana kallonka; can baya akwai madubi da ke nuna sarki da sarauniya, wato a inda kake tsaye nan suke tsaye. Ba a ɗaukar hoto a Prado, kuma hakan ya yi mana rana, don dole ido ya yi aikinsa.

Sai kuskuren da ya ɓata mini rai. Ta sa mana gidan zane na Reina Sofía ranar Talata, ranar da ba sa buɗewa. Muka isa muka tarar da ƙofa a rufe. Ta ba da haƙuri, ta canza mana tikitin jirgin ƙasa nan take, tunda tashar Atocha tsallake titi ce kawai, muka tafi Toledo, tafiyar kusan rabin awa. Washegari muka koma Reina Sofía muka ga zanen Guernica na Picasso, na 1937, faɗinsa ya haura mita 7 da rabi, ba launi sai baƙi da fari da toka-toka.

Ƙurɗuba (Córdoba), garin malamin nan mai tafsiri, Imam Ƙurɗubi, kwana ɗaya muka yi. Babban masallacin garin ya koma coci tun 1236 kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Ta faɗa mana tun muna gida, na kuma gode mata.

Inda kuɗina ya fita shi ne Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi a Granada. Tikitin na ɗauke da sunanka da lambar fasfonka, sannan fadojin sarakunan Banu Nasr da ke ciki suna da lokacin shiga; ka makara, shi ke nan. Tun da watanni ta saya mana. A gabanmu aka mayar da wasu da suka zo a makare. A ciki kuwa, "Wa la galiba illallah" ne a sassaƙe bango bayan bango. Mai ɗakina ta yi ta cewa aikin ya tuna mata da zanen maginan Zazzau a fuskar soro, sai dai wannan siriri ne kamar saƙa. La'asar muka yi a masallacin unguwar Albaicín, wanda aka buɗe a 2003, daga lambunsa ana hango fadar gaba ɗaya.

Ronda ce aka cuce ta. Awa 3 kawai aka ba garin da ke bakin kwazazzabo mai zurfin kusan mita 100, da gadarsa ta dutse da aka gama a 1793. Muna fara jin daɗin iskar wurin direba ya kira.

Batun abinci ma ba ta yi tunaninsa ba, a ƙasar da naman alade ke rataye a kusan kowane shago. Kifi da ƙwai da dankali suka riƙe mu har muka isa gidajen abincin 'yan Maroko a Granada.

Zan sake ba ta aiki. Amma da kaina zan duba ranakun hutun kowane gidan zane, kuma a Ronda sai mun kwana.