Faifan Ute Lemper na tsofaffin waƙoƙin Berlin, ya ci kuɗin data amma da sauran magana

Wanda duk ke son waƙar habaici to ya nemi faifan nan Berlin Cabaret Songs, ya fito 1996 daga kamfanin Decca, matar da ta rera Bajamushiya ce Ute Lemper, haifaffiyar 1963. Waƙoƙin ba nata ba ne, tsofaffi ne na gidajen shaƙatawa na Berlin tun kafin Hitler ya hau mulki a 1933, mafi yawansu Friedrich Hollaender da Mischa Spoliansky suka tsara kiɗan, kuma dukkansu biyun gudu suka yi a shekarar saboda asalinsu Yahudawa ne, ɗaya ya nufi Amurka ɗaya Landan. Gwamnatin Nazi cewa ta yi kiɗan lalatacce ne ta hana, shi yasa Decca suka tono su.

Ni a wani shagon tura waƙoƙi nan wajen Ƙofar Ƙaura aka sa mani a memori, yaron shagon sai da ya kalle ni ya ce Yaya wannan kuma na cocin ne? Ya ma haɗa mani na Turanci da na Jamusanci a folda guda ba tsari, don faifan kala biyu ne. Shawarata ku ɗauki na Jamusanci ko ba ku jin yaren, na Turancin kamar an zare mashi laka, sai ku nemi fassara a waya kuna bi.

Abin da ya kama ni shi ne zambon. Akwai waƙar da take cewa kowa ɗan damfara ne, uba na cuta uwa na cuta har kaka, kiɗan na tafiya da fara'a kamar na biki alhali zagin gari kaf ake, wanda ya san yadda marigayi Shata ke sa mutum gaba yana yanka shi jama'a na dariya zai gane nan take. Ita kuma Lemper ta iya wasa da murya wallahi, ta yi raɗa ta yi tsawa ta ja harafin r ɗin nan nasu har sai ka ji a maƙoshinka, ƙaho da fiyano duk suna fita tsaf ko a ƙaramar sifika.

Amma fa gogewar ta yi yawa. Ku je YouTube ku saurari mawaƙan wancan zamanin ku kwatanta, irin su Lotte Lenya matar Kurt Weill, wani Bajamushe mai tsara kiɗa, wadda ta fito a wasan Die Dreigroschenoper da aka fara a Berlin 1928, ko Marlene Dietrich a rikodin 1930, sautin na ƙaraf-ƙaraf muryar Lenya ma ba wani zaƙi gare ta ba, amma za ka ji mace ce da ta ga wuya da idonta, Lemper kuwa wani wurin sai ka ji tana nuna gwaninta ne kawai. Kuma babu waƙar Weill ko ɗaya a wannan, faifan waƙoƙinshi daban Lemper ta yi mashi a 1988.

Sai gargaɗi, wasu baitocin akwai rashin kunya sosai, maganar maza da mata ba sakayawa, kar a ga yaren baƙo ne a kunna na Turancin gaban yara ko su Baba. Na ba shi 7 cikin 10, shagon kuma ku tsaya a kan yaron sai ya raba maku foldar kafin ku biya.