Zig in memori ta ƙare, ga abin da na gani

Masu tambaya ko Zig, harshen rubuta shirin kwamfuta, ya cancanci a ɓata mishi lokaci, ni dai a kan abu guda zan yi magana, yadda yake yi in memori ta ƙare. Mu nan Tawa ƴar na'ura muke haɗawa mai kunna pampo a garakan albasa wajen Galmi, ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi Pico ce a ciki, RAM ɗinta, wato memorinta, duka-duka 264 KB, ka ga nan ba wurin facaka ba ne.

A harshen C in malloc, mai yanko maka memori, ta kasa, NULL (wato babu) kawai take miƙo maka ta yi gum, ka duba ko kar ka duba ruwanka, babu mai ce maka uffan, sai na'ura ta sandare da rana tsaka pampo na ta kwarara mai garka na kiranka a waya. Zig bai yarda da haka ba wallahi. Duk abin da ke son memori sai ka miƙa mishi allocator, wato mai rabon memori, da hannunka, in wuri ya ƙare ya maido kuskuren error.OutOfMemory, kuma kod ɗin ba ya haɗuwa sam sai ka tare kuskuren da kalmar try ko catch. Wanda ya fi burge ni FixedBufferAllocator, ka yanka mishi kamar 32 KB tun farko ka ce iyakarka ke nan, in ya cika sai mu zubar da tsofaffin awo mu kashe pampo cikin tsari. Akwai ma FailingAllocator na gwaji, da gangan yake hana memori don ka ga ko kod ɗinka zai jure.

A harshen Rust kuwa in Vec, wato jerin ajiyar bayanai, ya rasa wuri shirin gaba ɗaya yake kifewa, sai a fitowa ta 1.57 cikin 2021 try_reserve, mai maido kuskure maimakon kifewa, ya zauna.

Amma fa kar a ruɗe ku, a kan Linux wannan kariyar rabi ce, saboda overcommit, wato in ka nemi memori tsarin na cewa to ko babu, daga baya OOM killer, mai aiki in memori ta ƙare, ya zo ya kashe shirin, catch ɗinka bai ma san an yi ba. Sannan tun 2016 da Andrew Kelley ya fito da Zig har yau bai kai fitowa ta 1.0 ba, kowace sabuwar fitowa sai ta karya maka wani abu, bayanin kuma galibi Turanci ne, mu da munka yi lakwal da Faransanci sai a hankali. In za ku gwada ku kafe a kan fitowa guda har aikin ya ƙare.