Masu waldar da suka ɗora min tanti a saman Hilux a Garwa

Jama'a masu ta tambaya ta ina aka haɗa min tantin nan na saman mota, to a nan Garwa ta Kamaru aka yi, wajen wasu masu walda, kuma gaskiya aikin ya yi, amma akwai inda zan yi ƙorafi.

Tantin irin mai naɗewa ɗin nan ne, da katifarsa da tsaninsa na alminiyom, na hannu na saya daga Yawunde. Irinsu nauyinsu kan kai kilo 50 zuwa 70, ba abin da mutum ɗaya zai ɗaga ba ne. Ni niyyata a ɗaure shi kan tsohuwar galarin, wato ƙarfen ɗora kaya da ke saman kabin, kawai a wuce wajen, sai babban gareji ya hau ya jijjiga ta ya ce "Alhaji wannan ta buhun gawayi ce, ba ta kwanan mutum ba." Abin da ya sa na yarda da shi kenan, don bai fara da maganar kuɗi ba, littafin motar ya ce in kawo a duba nauyin da rufin ke ɗauka. Nauyin da galari ke ɗauka mota na tsaye daban, wanda take ɗauka ana gudu ana faɗawa ramuka daban, na gudun shi ne ƙarami kuma shi ake dubawa, da yawa ba su san wannan ba sai rufi ya lotsa.

Daga ƙarshe a bayan motar ya yi firam da bututun ƙarfe mai kauri, ƙafa huɗu a bakin bodi, ya bar tsayin firam ɗin daidai da kan kabin saboda tantin kar ya yi sama da yawa iska ta riƙa dukansa tana cinye gazuwal. A ƙasan tantin akwai layukan alminiyom biyu, nan ake zura bulon, wato kusa mai noti, a sa farantin ƙarfe ta ƙarƙashin sandar firam ɗin a ɗaure da sifana 13, kusurwa huɗu. Ya gwada da awo sai da tantin ya zauna tsakiya cif, ya kuma tambaye ni ta ina nake so ya buɗe, gefe ko baya, don tsanin ya samu ƙasa mai kyau. Na zaɓi gefen fasinja.

Ƙorafina na farko noti. Na gama-gari suka sa, ba mai roba a ciki ba, hanyar Poli kuwa wanda ya sani ya sani, jar ƙasa mai kunya-kunya, kafin in isa noti biyu sun saki tantin ya fara ƙara a kaina. Da na koma sun canja ba su karɓi ko dala ba, amma ai tun farko ya kamata. Fentin ma sama-sama ne, damina ɗaya tsatsa ta leƙo a wajen walda. Sai alkawari, in sun ce jibi ka ƙara kwanaki a ranka, musamman in an ɗauke wuta.

Kwana a ciki kam wlh da daɗi, na kwana bakin ruwan Lagdo, gidan sauron na jikin tagogin, ba kunama ba maciji. Sai dai watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke wuce digiri 40 kar ka buɗe shi sai rana ta faɗi, kuma ka tuna motarka ta ƙara tsawo da nauyi a sama, shan kwana a guje ba naka ba ne yanzu, musamman hawan dutsen nan kafin Ngaundere.

Kuɗin aikin ya fi na sauran da na zaga tsada kaɗan, ban yi nadama ba. In za ka je ka sayi notinka masu roba ka tafi da su, ka tsaya a yi fenti shafi biyu a gabanka, kuma sifana 13 ɗin nan kar ta bar motar.