Gwaji a ɗakin bincike ko kwaikwayo a kwamfuta: wanne ya fi kai maƙala ga bugawa?

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin fara binciken digiri na uku a kan yadda zafi ke ratsawa daga bangon bututu zuwa ruwan da ke gudana a cikinsa, kuma malamin da ke duba aikinka ya bar maka zaɓi tsakanin haɗa na'ura ka yi gwaji da hannunka da kuma kwaikwayon al'amarin a kwamfuta. Abin da kake son sani shi ne wanne daga cikin biyun ya fi samun karɓuwa a mujallun fannin. Ta fuskar ƙofa dai kowanne yana da tasa. International Journal of Heat and Mass Transfer, wadda ta fara fita a 1960, tana buga nau'o'in biyu, haka ma mujallar ƙungiyar injiniyoyi ta Amurka ASME, wadda aka daɗe ana kira Journal of Heat Transfer kafin a ƙara mata suna a 2023. Masu gwaji suna da Experimental Thermal and Fluid Science, masu lissafin kwamfuta kuma suna da Numerical Heat Transfer. Inda hanyoyin suka rabu shi ne wurin da masu tantance maƙala suke kama kowannensu.

Mai gwaji ana kama shi ne a wurin awo, kuma a nan zan fi tsayawa domin a nan ɗalibai suka fi yin asarar watanni. Ɗauki misali mai sauƙi. Ka naɗe bututu da waya mai ba da zafi na wat 1000, ruwa yana wucewa kilogiram 0.05 a kowace daƙiƙa. Lissafi ya nuna cewa zafin ruwan zai ƙaru da kusan digiri 4.8 tsakanin mashiga da mafita. To, wayar auna zafi nau'in K, wadda ita aka fi amfani da ita saboda araharta, masana'anta suna sayar da ita da sharaɗin cewa kuskurenta zai iya kai digiri 2.2 sama ko ƙasa. Idan ka sa ɗaya a mashiga ɗaya a mafita ba tare da ka daidaita su ba, shakkun da ke kan bambancin awon biyu zai haura digiri 3, wato fiye da rabin abin da kake ƙoƙarin aunawa. Idan kuwa ka zauna ka daidaita su a cikin ruwa mai tabbataccen zafi har kuskuren kowacce ya sauko zuwa 0.1, shakkun zai dawo kusan kashi 3 cikin ɗari. Aikin kwana biyu ne ko uku, amma shi ne yake raba maƙalar da za a karanta da wadda edita zai mayar tun kafin ya aika wa kowa.

Bayan wannan sai tambayar inda zafin ya tafi. Idan maimakon 4.8 ka ga 4.3, ruwan ya ɗauki kimanin wat 900 ne kawai, sauran 100 sun zurare ta jikin abin da ka lulluɓe bututun da shi ko ta bakin ƙarfen. Mai tantancewa zai nemi ya ga ka auna wannan asara kuma ka cire ta daga lissafinka. Hanyar haɗa waɗannan kurakurai wuri guda ba sabuwa ba ce, Kline da McClintock sun shimfiɗa ta tun 1953, Moffat kuma ya faɗaɗa ta a 1988, don haka ba a yi wa wanda ya tsallake ta uzuri. Kafin ka gwada sabon abin da ka zo da shi, ana kuma sa ran ka fara gudanar da ruwa zalla a bututu mai santsi, ka nuna cewa lambar Nusselt da ka samu, wato ma'aunin ƙarfin musayar zafi tsakanin bango da ruwa, ta yi kusa da ta ƙa'idar Gnielinski ta 1976 ko ta Dittus da Boelter ta 1930. Idan na'urarka ta kasa maimaita abin da kowa ya sani, babu dalilin da zai sa a yarda da ita a kan abin da ba a sani ba.

Mai kwaikwayo a kwamfuta ya huta da ɗigar ruwa, da famfon da ya ƙi tashi, da jiran kayan da aka yi oda. A mako guda zai iya sauya siffar bututu sau goma, abin da zai ci wa mai gwaji shekara, kuma yana ganin zafi da saurin ruwa a kowane lungu, har inda ba za a iya cusa wayar awo ba. Manhaja ma ba lallai ta zama shinge ba, tun da OpenFOAM kyauta ce, ko da yake koyonta ya fi na ANSYS Fluent ɗaukar lokaci. Sai dai wannan sauƙin shi ne ya cika teburin editoci da maƙaloli masu kama da juna, kuma shi ya sa suka tsananta. Kwamfuta tana raba ruwan ne zuwa ƙananan gidaje kamar raga, kuma amsar da take bayarwa tana sauyawa gwargwadon ƙanƙantar idon ragar. Tun 1986 mujallar Journal of Fluids Engineering ta sanar cewa ba za ta karɓi lissafin da aka yi a kan raga guda ba, kuma wannan ya zama al'ada a fannin baki ɗaya. Abin da ake nema yanzu shi ne raga uku aƙalla, kowacce ta fi ta baya ƙanƙanta, tare da ƙiyasin kuskure irin wanda Roache ya gabatar a 1994. Ga kuma batun hargitsin ruwa: da zarar lambar Reynolds, wadda ke nuna ko ruwa yana gudu a natse ko a hargitse, ta kai dubbai, dole ka zaɓi wani tsari na kintace hargitsin, kuma tsare-tsare biyu za su iya ba ka amsoshi mabambanta a kan bututu ɗaya, musamman dab da bango, wurin da duk musayar zafin take faruwa. Hotunan nan masu ja da shuɗi suna ƙawata shafi, amma gogaggen mai tantancewa yakan wuce su ya tafi kai tsaye inda ka kwatanta sakamakonka da awon gaske.

A nan ne nake ganin ma'aunin ya ɗan karkata. Mai gwaji zai iya bugawa ba tare da mai kwamfuta ba, shi kuwa mai kwamfuta yana buƙatar awon da wani ya yi kafin a yarda da shi. Wannan ba ya nufin gwaji ba ya kuskure. Bayan da Choi ya fito da batun zuba ƙananan ƙwayoyin ƙarfe a cikin ruwa a 1995, an yi shekaru ana buga awon da ke nuna cewa irin wannan ruwa yana ɗaukar zafi fiye da yadda lissafi ya yarda. Da cibiyoyi fiye da 30 suka auna samfura iri ɗaya, sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna cewa ƙarin bai fita daga abin da tsohuwar ƙa'idar da ta samo asali daga Maxwell ta hango ba. Ina kawo wannan ne kuma domin in ja hankalinka: wannan fage ya cika maƙil, kuma sauya nau'in ƙwayar kawai ba ya ƙara burge editoci.

Ta fuskar lokaci, kwaikwayo yakan ba da maƙala ta farko da wuri, gwaji kuwa shekararsa ta farko takan tafi a walda da daidaita kayan awo. Amma awo mai tsabta yakan daɗe ana ambatonsa, domin masu kwamfuta suna ta nemansa don su gwada lissafinsu da shi.

Da ni ne a matsayinka, zan fara shiga ɗakin gwajin in duba abu uku da idona: ko akwai abin daidaita wayoyin awo, ko ma'aunin gudun ruwa yana da takardar shaidar ingancinsa, da kuma ko akwai ma'aikacin da ya san na'urorin. Idan waɗannan sun samu, ka haɗa ƙaramar na'ura mai siffa ɗaya ko biyu, ka auna su da kyau, sannan ka yi amfani da wannan awo ka tabbatar da lissafin kwamfutarka, kwamfutar kuma ta ƙarasa maka sauran siffofin da ba za ka iya ƙerawa ba. Idan ba su samu ba, ka tafi kwaikwayo kai tsaye, amma kada ka tsayar da taken bincikenka sai ka riƙe maƙala aƙalla guda a hannu wadda ta auna siffa mai kama da taka, ta kuma bayyana girman bututun, da gudun ruwan, da iyakar kuskurenta dalla-dalla yadda za ka iya sake gina ta a kwamfuta.