Family Link a wayar matashi: amfaninta ga iyaye a daren Legas, da inda take gazawa

A Agege, Idi-Araba ko Mile 12, abin da ke fitar da yaro ɗan shekara 14 zuwa 17 bayan sallar Isha'i ba ɓoyayye ba ne: gidan kallon ƙwallo, makarantar dare, lasin ɗin WAEC da JAMB, teburin mai shayi, ko taya mahaifi rufe shago. Dawowar ce abin damuwa. Yawancin wasannin gasar zakarun Turai ana take su ƙarfe 9 na dare agogon Najeriya daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin kuma ƙarfe 8. Wasan ƙarfe 9 ba ya tashi sai 11 saura, in kuwa aka shiga ƙarin lokaci da bugun fanareti to dare ya kusa rabawa. A wannan lokacin ɗanfo, motar haya ta Legas, ya yi ƙaranci, masu fashin wan-cans, da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, sun fito, acaɓa kuma gwamnatin jiha ta hana shi a ƙananan hukumomi 6 tun 1 ga Yuni 2022, ta ƙara da Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu ranar 1 ga Satumba na shekarar. Mile 12 a Kosofe take, Idi-Araba a Mushin. Ga kuma get-get, ƙofofin da ake rufe layuka da su: ƙa'idar gwamnati ita ce a bar su buɗe daga 5 na asuba zuwa 12 na dare, amma unguwanni da yawa tun 10 ko 11 sun datse nasu.

Shi ya sa iyaye suke tambayar manhajar da za ta nuna musu inda yaro yake. Wadda ta fi sauƙin samu ita ce Family Link ta kamfanin Google, wadda ta fito a 2017. Kyauta ce, babu kuɗin wata. Uba ko uwa na iya riƙe ta a Android ko iPhone, amma ganin wurin yaro sai in wayarsa Android ce. Hukuncinmu a kanta shi ne ta cancanci a saka, da sharaɗin a san cewa waya take bi, kuma a gida akwai wanda zai zauna ido biyu ya duba.

Saka ta ba ya cin fiye da rabin awa in komai na nan daidai. Ku ajiye wayoyin biyu a gabanku, kowace da data da caji. A wayar yaron a shiga saiti, a taɓa Google, a nemi sashen kulawar iyaye, a zaɓi asusun yaron. Mahaifi ya sa nasa Gmail ɗin da kalmar sirrinsa, sannan yaron, in ya kai 13, ya sa tasa kalmar sirrin da hannunsa alamar ya yarda. Daga nan a sauke Family Link a wayar mahaifi, a shiga inda aka rubuta “Location” a kunna. Rukunin iyali yana ɗaukar mutum 6 har da mai gudanar da shi, kuma ana iya ba uwa izini irin na uba. A yi hakan tun ranar farko, domin a gidaje da yawa maigida yana kasuwar Alaba Rago ko yana kan hanya da mota, Hajiya ce ke jiran ƙofa.

Inda aikin ke tsayawa kusan kullum wuri ɗaya ne: asusun Gmail ɗin. Waya da yawa a shagon da aka saya aka buɗe mata asusu, mai shagon ya sa shekarar haihuwar da ta zo masa a baki, kalmar sirri kuma babu wanda ya rubuta. Asusun da ke nuna mai shi ya haura 18 ba ya karɓar kulawar iyaye. Mafita ita ce a buɗe wa yaron sabon asusu da ainihin ranar haihuwarsa. Kafin a cire tsohon a kwashe lambobi da hotuna, a kuma duba inda WhatsApp ke ajiye bayanansa, don manhajar za ta nemi a cire sauran asusun Google da ke kan wayar. Wanda ya yi gaggawa a nan zai wayi gari lambobin yaro sun tafi, rigima ta fara tun kafin a ci moriyar komai.

Abin da ya fi burge mu shi ne sanarwar isa da tashi. Ana sa wa wurare suna a kan taswira, gida, makaranta, masallaci, gidan kallo, gidan kawu, sai wayar mahaifi ta yi ƙara idan yaron ya isa ko ya bar wurin. Wannan ya fi zaman ƙura wa taswira ido. Idan wasa ya tashi 11 saura, sanarwar barin gidan kallo ta shigo 11 saura biyar, tafiyar kuma ta minti goma ce a ƙafa, kun san lokacin da ya kamata ku ji bugun ƙofa. Tana kuma nuna yawan cajin da ya rage a wayar yaron, wanda ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da ake kwana biyu babu wuta. Kun ga kashi 8 cikin ɗari da ƙarfe 9, ku kira shi a lokacin ku ji da wa yake tare, ku karɓi lambar abokin, kada ku jira wayar ta mutu.

Amma a san iyakar taswirar. A fili, inda waya ke ganin sama, ɗigon da ke nuna wayar a taswira yakan faɗa kusa da inda mutum yake. Cikin rumfar kwano ko tsakanin dogayen gine-gine sai ta koma lissafi da turakun sabis da Wi-Fi na kusa, a nan tana iya kaucewa da mita ɗari ko fiye. A unguwa mai cunkoso irin Agege, mita ɗari layi biyu ne ko uku. Yaro na cikin makarantar dare, taswira ta nuna shi bayan otal. Duk uban da zai ɗauki bulala a kan wannan ɗigon ya zalunci ɗansa. A dubi faɗin da'irar da ke kewaye da ɗigon, a dubi lokacin da aka sabunta shi. In an rubuta minti 40 da suka wuce, to inda yake minti 40 da suka wuce kuke gani. Haka kuma ba ta nuna hanyar da ya bi tun safe, wurin ƙarshe kaɗai take bayarwa. Ba ta karanta saƙonni, ba ta sauraren kira. A wajenmu wannan daidai ne, ɗan shekara 16 yana da haƙƙin a bar masa hirarsa, amma masu zaton za su ga komai su sani tun yanzu.

Dalilan da ke sa wuri ya daskare guda uku ne suka fi yawa. Na farko data ta ƙare, ko yaron ya kashe ta. Maganinsa mahaifi ya riƙa saya da kansa, ƙaramar ta wata, kuma a duba saura da *323# kafin fita. Sayen data *312# ne a duk layuka. Na biyu wayoyin Tecno, Infinix da itel, waɗanda su suka fi yawa a hannun yaranmu, suna da tsarin tattalin batir da ke kashe manhajojin da ke aiki ta bayan fage, musamman ta hanyar manhajar Phone Master da ke zuwa da wayar. A shiga saitin batir a cire takunkumi daga Family Link da Google Maps, a ba su izinin tashi da kansu, a kuma gaya wa yaro ya guji matsanancin tattalin batir idan yana waje, domin yana rufe kusan komai sai kira da saƙo. Na uku babu saitin da ke gyara shi: yaron ya bar wayar a kan caji a ɗakin aboki, ya ɗauki ƙaramar waya mai toci ya tafi inda zai tafi. Taswira za ta nuna muku shi zaune lafiya har asuba.

Wannan na ukun ne ya sa ba mu goyon bayan a saka ta a ɓoye ko da tsawa. Ba ta ma ɓoyuwa, wayar tana nuna wa yaro cewa ana kula da ita. Yaron da aka ƙaƙaba wa zai nemi hanyar zillewa cikin mako guda, kuma abokansa sun fi ku sanin hanyoyin. Gara a zaunar da shi a yi magana ta manya: ranar makaranta ƙarfe 9 kana gida, ranar babban wasa za ka kalla a gidan kallon layinmu, ku dawo tare da yayanka, in dare ya yi maka a nesa kada ka shiga motar da ba ta tasha ba, ka kira, za a zo a ɗauke ka, faɗa sai da safe. Wannan alkawari na ƙarshe ya fi duk saitin da ke cikin manhajar nauyi. Yaron da ke tsoron kiran Baba shi ne zai tsaya gefen titi ƙarfe 11 ya tare duk motar da ta tsaya. Dokar kare haƙƙin yara ta Jihar Legas ta 2007 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, kuma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce kowannenku makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ga 'ya'ya mata, aiken dare zuwa shago ko kemis ya kamata a daina shi gaba ɗaya, da manhaja ko babu.

Akwai wani saiti da iyaye ke murna da shi amma yana iya zama haɗari, wato kulle waya da dare. Kuna iya cewa daga ƙarfe 10 ta rufe har safiya. A gida wannan yana hana kwana kan TikTok. Amma idan 10 ta yi yaron yana cikin go-sulo a Ikorodu Road, wayar za ta rufe a hannunsa: zai iya amsa kira ko ya kira ta maɓallin gaggawa, amma ba lallai ya iya buɗe WhatsApp, taswira ko manhajar tura kuɗin mota ba. Ku sa lokacin kullewa ya zama aƙalla awa ɗaya bayan lokacin dawowa. Ku kuma san inda lambar buɗewa ta iyaye take a cikin manhajarku, domin ita ce ke buɗe wayar ko babu data, kuna iya karanta masa ta waya. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da samari ke fita tahajjud, a tuna a gyara jadawalin.

Idan aka ƙwace wayar a hanya, kada kowa ya bi ɗigon zuwa ƙarƙashin gada da sunan karɓo ta. A fara neman yaron ta lambar abokinsa, a kira 767 ko 112, layukan gaggawa na Legas, a toshe layin da duk asusun kuɗin da ke haɗe da shi, taswirar kuma a nuna wa 'yan sanda.

Wanda ɗansa ke riƙe da iPhone, ko ya riga ya cika 18, Family Link ba tasa ba ce. Raba wuri ta Google Maps zai yi masa, ko na WhatsApp mai minti 15, awa 1 ko awa 8, wanda yaron zai kunna da kansa duk lokacin da zai fita. Wata manhajar bin wuri mai suna Life360 tana aiki a kan Android da iPhone, kuma ko a tsarinta na kyauta tana nuna inda aka bi na kwana 2, sai dai tana yawan tallata tsarin biya. Ga gidan da yaro ke da Android kuma bai kai 18 ba, Family Link muka fi ba da shawara. Bayan an saka, a gwada ta da rana tukuna: a aiki yaron masallaci ko shago a ga ko sanarwar fita da ta dawowa sun shigo, in ba su shigo ba a koma saitin batir.